Hatimin da Aka Murza Baya

Mijina direba ne, amma ba irin direban da kuka saba gani ba. Ba ya ɗaukar fasinja, ba ya ɗaukar buhuna, ba ya tuƙa manya. Doka yake ɗauka. In na faɗi haka a cikin mata sai a kwashe da dariya, a ce wance kin fiye cika baki, ni kuwa sai in ce to ku gyara zama in warware muku.

Akwai wata jarida da gwamnati ke bugawa kowace ranar aiki, ana ce mata gazet. Ba hoto a cikinta, ba labarin ƙwallo, ba wa ya mutu ba wa ya yi aure. Dokoki ne zalla da sanarwa, rubutu ƙanana kamar jerin tururuwa. Ni dai in na kalle ta minti biyu sai hamma. Amma a wajenmu, ko majalisa ta shekara tana sa-in-sa a kan doka, ko an sa mata hannu an tafa, ba ta hau kan kowa ba sai an buga ta a gazet. Bugawar ma ba ta wadatar ba. Sai takardar ta isa ofishin gundumarku, magatakarda ya rubuta rana da sa'a a littafin isowa, ya buga hatimi, ya liƙa guda a allon ƙofa inda kowa zai gani. Daga nan a bar wa mutane yini guda cur su karanta. Washegarin wannan yinin ne doka ke fara cizo. In ta iso Litinin, Talata taku ce, Laraba kuwa kowa ya shiga taitayinsa.

To wa ke kai ta? Mijina. Gundumomi uku ne a hannunsa. Bakwai saura kwata yake ɗaukar ƙunshi uku daga maɗaba'ar gwamnati, kowanne ɗaure da igiya, an ɗiga jan kaki a kan ƙullin. Ta farko ya isa ƙarfe tara, ta biyu sha ɗaya da rabi, ta uku, wadda take can bayan gada, ɗaya da rabi. Ofisoshi ƙarfe huɗu suke rufewa, kuma ƙa'ida ta ce abin da ya iso bayan an rufe, na gobe ne. Shekara ashirin da shida yana bin hanyar nan, da ruwa da rana, bai taɓa kai na yau gobe ba. Masu faci da masu kayan marmari na bakin titi su suka sa masa Agogo, don in farar motarsa ta gifta sun san ƙarfe nawa ba sai sun duba ba. Sunan ya bi shi har gida. Yaransa ma in sun ga ba ya nan, Baba Agogo suke ce masa.

Da na aure shi ba direba ba ne. Shara yake yi a ɗakin yankan takarda na maɗaba'ar, kullum ya dawo da farin ɓurɓushi a gashi, in zauna ina tsince masa ina tsiya, ina cewa na auri saurayi an kawo mini tsoho. Daga shara aka mai da shi ɗaurin ƙunshi. Har yau in ya ɗaure miki kaya, sai dai ki nemi wuƙa. A nan ne tsohon direban hanyar ya ga natsuwarsa, ya koya masa tuƙi a filin bayan maɗaba'a ranakun hutu, da ya zo barin aiki ya ce in ba wannan aka ba ba to bai yafe ba.

Ƙa'idojin aikin nan kuwa Malam, mijin nawa, ya riƙe su fiye da yadda waɗanda suka rubuta su suka riƙe. Ba a buɗe ƙunshi a hanya. Ba a faɗa wa kowa abin da ke ciki kafin ya hau allo. Ba a ɗaukar kowa a motar gazet. Yayana ya taɓa zuwa har gida da lallami, wai an ce sunayen waɗanda aka yi wa ƙarin girma na cikin ta gobe, Malam ya ɗan leƙa masa.

"Yaya," in ji shi, "gobe za ka gani a allo kamar kowa."

Ni ma ban tsira ba. Wata rana ina dawowa daga kasuwa da kaya a ka, ga goyo, ga rana, sai ga farar mota. Na ɗaga hannu har ina murna. Wallahi mutumin nan ya rage gudu, ya ɗaga mini hannu shi ma, ya wuce! Kwana uku ban yi masa magana ba, shi kuwa ko a jikinsa. A na huɗu ya sayo mini lema.

Haka muke har wata Talata, saura masa wata goma sha huɗu ya ajiye aiki.

'Yarmu ta fari tana wajenmu lokacin, da tsohon ciki, na farko, mijinta yana aiki a wani gari. Da sassafe Malam ya fita, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Ina kicin sai na ji ta kira ni da wata murya da ban san ta da ita ba. Na shiga na tarar da ita a durƙushe, jini ya jiƙa tabarma. Na haifi shida, na san haihuwa, na kuma san abin da ba haihuwa kaɗai ba ne. Na leƙa lungunmu, ruwa har gwiwa, ba mota ba babur. Maƙwabcinmu mai mota ya yi tafiya. Sai na tuna cewa ƙarfe bakwai da kwata daidai motar gazet ke wucewa ta mararrabar da ke bakin unguwarmu.

Ban nemi takalmi ba. Na bar maƙwabciyata a kanta, na ruga, na tsaya a tsakiyar titi na buɗe hannuwa. Ya taka burki har motar ta karkace.

"Ke, lafiyarki kuwa?"

"Juya! 'Yarka na zubar da jini."

Ya kalle ni, ya waiga ya kalli ƙunshin da ke bayansa. Na ga bakinsa ya fara motsi, na san abin da zai fito.

"In ka ce mini motar gwamnati ce," na ce, "to gwamnati ta zo ta haifa maka wata."

Ya juya. Shi da kansa ya cicciɓo ta daga ɗaki, mutumin da ko sunanta ba ya kira don kunya, ya kwantar da ita a bayan mota, ya tura ƙunshin gefe ya rufe su da rigar ruwansa. Ƙaramin asibitin unguwa suka ce ya fi ƙarfinsu, mu tafi babba. A babba aka ce sai an ƙara mata jini, nasa ne ya dace. Ya miƙa hannu aka ɗiba, idonsa na kan agogon bango. Sha ɗaya ta yi kafin wata ma'aikaciya ta fito ta ce an ciro yaro, uwar ma za ta tashi in Allah ya yarda. Ya ce alhamdu lillahi sau uku, ya danna auduga a gwiwar hannu, ya fita da gudu.

Ta farko ya isa ɗaya da kwata. Ta biyu huɗu saura kwata, da ƙyar da jiɓin goshi. Ta uku kuwa, ya san ba zai samu ba amma ya je, ya tarar da kwaɗo a ƙofa. Ya dawo da ƙunshinta a ƙarƙashin kujera.

Laraba ya kai biyu, ta jiya da ta yau. Magatakardan gunduma ta uku abokinsa ne na shekara ashirin, wani dogo mai fara'a, tare suke cin abincin rana a kan tebur ɗaya kafin Malam ya juyo. Da ya ji abin da ya faru sai ya buɗe littafin isowa. Ashe layin Talata ya bar shi fili bai rubuta komai ba.

"Haba Agogo," ya ce, "shekara ashirin da shida za ta zube saboda rana ɗaya? In na rubuta Laraba, sai an tambaye ka dalili, in ka faɗi dalili sai a ce ka ɗauki mutum a motar gazet. Wa zai sani? Wa ma ke karanta abin nan?"

Hatimin nasu irin mai 'yan tayoyi ne da ake murzawa a canza rana. Ya sa babban yatsa ya murza ɗaya baya, ya buga, ya rubuta ɗaya da rabi, ya juyo wa Malam littafin. Malam ya ce mini ya daɗe yana kallon layin. Sannan ya sa hannu.

Da ya ba ni labari da yamma, ni rawa ce kawai ban taka ba. Na ce Allah ya yi wa Magatakarda albarka, ya raya masa zuri'a. Na ce irin wannan shi ne aboki. Malam bai amsa ba, kuma daga ranar cin abincinsa ya ragu, ni kuwa na ɗora wa jinin da aka ɗiba, na dinga dura masa ganye da hanta.

Jariri na da kwana ashirin da biyar, wata Asabar da hantsi, aka yi sallama. Na leƙa na ga wani gajere kakkaura, hannayensa duk tabon ƙuna, ya ce daga gunduma ta uku yake, gidan Agogo yake nema. Tun daga yadda ya faɗa gabana ya faɗi.

"Me ke tafe da kai?"

"Mama, burodi nake gasawa. Tambaya ɗaya na zo yi masa."

A nan bakin ƙofa ya zayyana mini. A cikin gazet ɗin Talatar nan akwai sabuwar doka: ba za a ƙara ba kowa izinin gidan burodi a tsakiyar gidajen jama'a ba, sai wanda ya riga ya shigar da takardunsa kafin dokar ta fara aiki. Shi kuwa ya sayar da gonar gadonsa ya gina tanda a bayan gidansa, mutum bakwai na ci a ƙarƙashinsa. Ya ji ƙishin-ƙishin dokar na tafe, takardar masu duba lafiyar gari kaɗai yake jira, shi ya sa kullum yana zaune a bencin ofishin gunduma yana gadin allo. Ranar Laraba da rana ya ga an liƙa ta. Ya ƙirga: ta iso Laraba, Alhamis tasa ce. Ya bi masu duba lafiya har gida ya karɓo takardarsa, Alhamis da safe ya shigar. Aka buɗe littafi aka ce masa ai Talata ta iso, Laraba ce ranar karatu, doka ta kama tun wayewar garin Alhamis ɗin. Yanzu an ba shi wata guda ya rushe tandar.

"Mama, ranar Talata ina kan bencin nan har aka sa kwaɗo. Ban ga farar mota ba."

Zan faɗi abin da na yi, don ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Na riƙe ƙugu na ce masa, "Kai, ka san wanda kake magana a kansa? Shekara ashirin da shida mijina bai taɓa makara ba. Gyangyaɗi ka yi a bencinka. Ka je ka nemi wanda ya cuce ka, ba nan gidan ba." Ina faɗa ina jawo ƙofa.

Sai na ji muryar Malam a bayana. "Bar shi ya shigo."

Ya shimfiɗa masa tabarma, ya sa aka kawo ruwa, ya sa shi ya maimaita komai daga farko. Mai burodin bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba ni haushi, da ya yi zagi da na san yadda zan yi da shi.

"Baba," ya ce, "na je wajen shugaban gunduma, ya ce littafi ba ya ƙarya. Na je wajen lauya, ya ce ba a ja da hatimi. Kowa na ce mini in Agogo ya sa hannu to haka ne. Har na fara zargin idona. Shi ya sa na zo in ji daga bakinka. In ka ce Talata ka zo, wallahi na yarda, in koma in rushe."

Na ƙura wa Malam ido daga bakin kicin, ina yi masa alama da ka, da ido, da ludayi. Bai kalle ni ba.

"Idonka lafiya lau yake," ya ce. "Laraba na zo. Ka ba ni kwana uku."

Baƙon na fita na sauke masa kwandon bala'i. Na ce wata goma sha uku ya rage maka! Na ce in suka kore ka ba fansho, me za mu ci, burodi? Na ce ga autarmu a makaranta. Na ce kai ka yi dokar? Kai ka ce ya sayar da gona? Na ce to Magatakarda fa, mutumin da ya rufa maka asiri, shi za ka tona wa nasa? Na yi kuka, na yi rantsuwa, na ce zan tafi gidan Yaya. Yana zaune yana goge takalminsa na aiki har na gaji.

"Kin gama?"

"Ban gama ba, numfashi nake yi."

"To kafin ki ci gaba. Kin san me ya sa ake biyana? Ba don tuƙi ba, direbobi sun cika gari. Yinin nan guda da ake bar wa mutane, ba na gwamnati ba ne, ba nawa ba ne, ba na Magatakarda ba ne. Nasu ne. Mu biyu muka zauna muka ɗauke wa gunduma guda yini, muka rufe ramina da shi. Da ba wanda ya faɗa, da wataƙila na mutu da abin a ciki. To ga shi wani ya faɗa."

Na ce shi dai kullum ya fi kowa sani, na shige ɗaki na bugo ƙofa.

Litinin, bayan ya miƙa ƙunshi an buga hatimi, ya ce wa Magatakarda su fita bayan ofis. Ya faɗa masa zai rubuta takarda, ya roƙe shi su rubuta tare, wataƙila a sassauta musu. Malam ya ce bai taɓa ganin fuskar mutum ta canza haka ba.

"Alheri na yi maka," in ji Magatakarda.

"Na sani."

"Ni ma ina da 'ya'ya."

"Na sani."

"To ka rubuta cewa kai ka matsa mini."

"Ban matsa maka ba. Zan rubuta cewa don ni ka yi, kuma na gani na sa hannu. Abin da ya faru ke nan."

Magatakarda ya tofar da yawu a ƙasa ya koma ciki. Ranar Malam ya dawo da kwanon abincinsa ko buɗe shi bai yi ba. Ya zauna a tsakar gida ya rubuta shafi guda da rabi da hannunsa, ya kai da safe.

Bayan mako biyu aka kira shi gaban kwamiti. Ya ce in zauna a gida. Na ce to. Yana fita na yafa mayafina na bi bayansa, sai ganina ya yi a bakin ƙofar maɗaba'a. Shekara talatin da ɗaya muna tare, ranar na fara shiga wajen aikinsa. Ƙarar injuna har cikin haƙora, warin tawada, ga wasu dogayen tebura da ake ɗaure ƙunshi a kai. Duk wanda muka wuce sai ya gaishe shi ya sunkuyar da kai. Ɗakin kwamitin a sama yake, aka ce in jira a benci. Tagar ta gilashi ce mai jere, biyu sun karye, ina jin komai.

Mutum uku ne: shugabar maɗaba'a, wata mai tabarau da ba ta wuce sa'ar ƙanwata ba, sai lauyan ma'aikata, sai wani mai kula da ma'aikata da ke ta rubutu. Magatakarda bai zo ba, takardar rashin lafiya ya aiko. Lauyan ya karanta laifuffuka uku: ɗaukar mutum a motar gazet, kai ƙunshi bayan lokaci ba tare da sanarwa ba, da sa hannu a kan ranar da ba ita ba. Malam ya amsa duka ukun. Ina jin an koma kan na farko na kasa zama, na tura ƙofa.

"Ranki ya daɗe, ni na tare shi. A tsakiyar titi na tsaya. In laifi ne nawa ne, ku rubuta ni."

Malam ya dafe goshi. Lauyan ya buɗe baki, shugabar ta ɗaga masa hannu.

"Mama, ba ke muka ɗauka aiki ba. Amma tunda kin shigo, ga kujera. Yaya mai jegon?"

"Ta samu sauƙi, ranki ya daɗe."

"Madalla. To ki yi shiru."

Na yi shiru, wanda ya san ni ya san ba ƙaramin aiki na yi ba. Lauyan ya yi bayani cewa littafin isowa ba a kankare shi, ba a yage shafi. In an gano kuskure, sai dai a buga gyara a cikin gazet ɗin kanta, a faɗi lambar fitowar, da ranar da aka rubuta, da ranar gaskiya, da sunayen ma'aikatan da suka sa hannu. In an buga, duk wanda ya shigar da takarda ranar Alhamis ɗin nan a gunduma ta uku, tsohuwar doka ce a kansa. Ya juyo ya tambayi Malam ko ya gane cewa sunansa zai fita ƙasa duka ta gani.

"Na gane. Ni na ɗaure irinta da hannuna sau biyu, na wasu."

Shugabar ta cire tabarau. "Malam, da ka yi shiru ba mai kama ka. Ka san haka?"

"Na sani, ranki ya daɗe. Mai burodin ma cewa ya yi in na ce Talata zai yarda."

Aka ce mu fita. Mun fi sa'a guda a bencin nan. Da aka kira mu, shugabar ta karanta a tsaye. Ba a kore shi ba, fanshonsa na nan. Amma an rage masa mataki guda, an cire shi daga hanya daga ranar, zai ƙarasa watanninsa a teburin ɗaurin ƙunshi inda ya fito. Magatakarda an rage masa biyu, an mai da shi wata gunduma mai nisa. Gara in faɗa muku tun yanzu, har yau bai ƙara yi wa Malam magana ba. Malam ya je garin sau uku, sau uku ana ce masa ba ya nan, alhali takalminsa na bakin ƙofa. Wannan ciwon bai warke ba, kuma ba na jin zai warke. Gyaran ya fito bayan kwana huɗu, layi shida a shafi na ƙarshe, tandar mai burodi kuma tana nan tana hayaƙi.

Mai kula da ma'aikatan nan ya miƙo hannu. Malam ya zaro makullin motar daga aljihu, ya cire shi daga zoben da ke haɗe da na gidanmu, farcensa na zamewa, ya ajiye a kan tebur. Ya ce a faɗa wa wanda za a ba cewa burkin na ja hagu in an yi ruwa.

Muka sauko, muka fito titi da rana tsaka. Ya tsaya yana waige-waige, bai ma san inda ake shiga motar unguwarmu ba, ni na ja shi. Muna tafe ina kallon ƙeyarsa, duk ta yi furfura, sai abin da na danne tun ranar da mai burodi ya zo ya taso mini. Duk masifar da na yi ta yi, ba komai ba ce illa tsoro. Ina tsoron yana kallona a matsayin wadda ta rusa masa shekara ashirin da shida.

"Malam," na ce, "ni na jawo maka. Ka yafe mini."

Ya tsaya cak, har wani mai tura baro ya kusa bangaje shi.

"Ke, wace rana kika tare ni?"

"Talata."

"To Talata ba ta cikin abin da nake nadama. In ta dawo gobe, ki sake fitowa ki tsaya a tsakiyar titi, zan sake juyawa. Laraba ce tawa, kuma ba kya wajen."

A nan bakin titi na fashe da kuka, da ƙarfi, irin wanda ban yi ba ko a asibiti. Ya rasa yadda zai yi da ni, ya ce haba, mutane na kallo. Na ce su kalla. Ya tsaya a gefena yana riƙe mini jaka har na gama, motar unguwarmu biyu ta cika ta tashi ta bar mu.